Shafi Arba'in da Rabin Riga

Sun aiko min takarda, shafi arba'in,
cikin ambulan ruwan ƙasa.
Suna: Wilfred Haxby. Gari: Grimsby,
inda iskar teku ke shiga gida ba sallama.
Shekara talatin da ɗaya ina feɗe kifi a ɗakin sanyi,
ban taɓa cewa wayyo ba.

Sai ƙarambaun da na yi ina ɗan shekara shida,
wanda na ɗauka mun rabu lafiya,
ashe kwanton ɓauna ya yi min a ƙashin baya.
Ya taso a watan Maris, ƙuraje a jere,
daga gadon baya har ƙarƙashin ƙirjin hagu,
kamar an ɗaura min rabin ɗamara.
Mako huɗu suka bushe, suka kakkaɓe.
Likita ya ce gobara ta mutu.
Bai ce komai ba game da garwashin.

Tambaya ta tara: Kana iya sa riga da kanka?
Akwati biyu ne, E da A'a.
Ina iyawa mana.
Amma ina akwatin mutumin da yake iya sa riga,
rigar ce ke cizonsa har dare?
Na tsaya da biro a hannu, shayi ya huce.
Noreen ta ce, rubuta gaskiya.
Na ce, gaskiyar ta fi akwatin girma.

Ita ce ta ɗauki almakashi,
ta yanke ɓarin hagu na rigunana uku.
Ita ce ke kwana a bakin gado,
matashi a tsakaninmu kamar katanga,
bayan shekara talatin da shida da aure.
Jikata Elsie ta taho da gudu, hannu a buɗe,
na juya mata kafaɗa.
Wannan ma ba shi da akwati.

Ranar gwaji wata yarinya mai ladabi
ta ce ɗaga hannu, na ɗaga.
Taɓa gwiwa, na taɓa.
Ta duba fatar, sumul, ko tabo da ƙyar.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska,
to, fuskata ta ci amanata:
na yi mata murmushi, don haka uwata ta koya min.
Ta rubuta: ya zo da ƙafarsa, cikin fara'a.
Maki: sifili.

Wata goma sha ɗaya muna jiran ɗaukaka ƙara.
Motar ta tafi, sai zoben mahaifina.
Ƙwayar da ke rage zugin tana sace min kalmomi,
in sha in zama wawa, in bari in zama wuta.
Da ƙarfe uku na dare nakan tsaya a kicin ba riga,
ina lissafin kuɗin lantarki da baki.

A Hull suka saurare ni, mutum uku bayan tebur.
Ta tsakiyar ta ce, kwatanta mana.
Na shirya jawabi a bas, ya zube a kan gada.
Na ce, kun san... sai na yi shiru.
Taga na buɗe kaɗan, faɗin yatsu biyu.
Iska ta shigo, wadda ko takarda ba ta ɗaga ba,
ta ratsa ulu ta same ni.
Na ji haƙorana sun haɗu.

Tsohon da ke gefen dama bai ce uffan ba.
Ya ajiye tabarau, ya tashi a hankali,
ya je ya rufe tagar.

Sun ce za su rubuto.
Yau kwana tara.
Duk safiya ina jin takun mai wasiƙa a kan tsakuwa,
in tsaya bayan ƙofa da rabin riga,
ɓarin dama na gaba, don sanyin da ke bin ramin wasiƙa.
Ban san me ambulan zai ce ba.
Na dai san akwai mutum ɗaya a Hull
da ya gani.